Burtun Kakana da Talotalon Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi rarrafe a dajin bayan Jidda ba, sanye da abayar gwaggona, da kan tsuntsu ɗaure a goshi. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don shaidun duk suna nan da ransu, kuma babu mai ciwon mantuwa a cikinsu.

Bari in fara faɗin ko ni wane ne, kada a yi mini kallon jarumi. Sana'ata gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, abin da a nan Jidda ake kira mukayyif. A cikin birnin Zariya aka haife ni, a can na girma, kuma kafin ranar da nake ba ku labari babbar dabbar da ta taɓa mutuwa ta dalilina ɓera ne (shi ma tarko ya yi aikin, ni kifi kawai na saka). A Jidda mai gyaran esi ba ya rasa abin yi, don haka ina zaune lafiya lau, har ranar da aka kira ni wani gida a unguwar Sa'alaba.

Ina kan tsani ina zagin na'urar da Hausa, don na ɗauka gidan Larabawa ne, sai na ji dariya daga bayan labule. Wata murya ta ce, "Ya sheikh, esin nan bai yi maka komai ba, ka bar uwarsa ta huta." Nawal ke nan. A Jidda aka haife ta, tana aiki a wani kantin magani, kuma in ta fara magana da Hausa ba ka san da wane harshe za ta sauka ba. Daga ranar esin nan ya riƙa lalacewa a kai a kai, Allah ya yi masa albarka. Da magana ta yi nisa sai ta ce mini, "Halas, ka zo ka ga Baba."

Mahaifinta, Baba Sale, a Karantina, wata tsohuwar unguwa a nan Jidda, aka haife shi. Ubansa ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya ratsa Sudan, ya yi Hajji, ya zauna. Shi Baba bai taɓa taka Nijeriya ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa, duk karin magana. Nawal ta gargaɗe ni tun kafin in je. Ta ce tun da mahaifiyarta ta rasu, sannan aka rushe Karantina suka dawo bene, Baba ya daina dariya. Ta kuma gaya mini cewa akwai ɗan ƙanwarsa da ke sonta, mai takardar ɗan ƙasa da mota mai sanyi, dangi duk suna bayansa.

Na je da farar jallabiya mai guga, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi aikina, na faɗa, ya ce, "Mm." Ya tambayi iƙamata, wato takardar zama, na ce lafiyarta ƙalau, kafilina da ya tsaya mini mutumin kirki ne, ya ce, "Mm." Ya tambayi mahaifina, na ce malamin makaranta ne, ya ce, "Mm," yana kallon bango. Na ga Nawal na suɓuce mini a kan wannan "mm" ɗin. Sai na laluba aljihun zuriyarmu, na zaro abu ɗaya da nake ganin zai yi nauyi.

Na ce, "Kakana kuwa Sarkin Baka ne a ƙauyenmu, shi ne shugaban maharba."

Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma da na tsaya a nan da na tsira. Amma sai na ga tsohon ya juyo gaba ɗaya, idonsa ya kawo haske. Bakina ya ga kasuwa ta buɗe. Na ba shi labarin gwanki, na ba shi na gada, na kwatanta masa yadda ake bin sawu da yadda ake karanta iska. Duk labaran kakana ne da na ji a bakin mata a tsakar gida, sai dai duk inda ya kamata in ce "ya" sai in ji bakina ya ce "muka".

Baba ya buga gwiwa ya ce, "Masha Allah! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya waladi, Allah ne ya kawo ka. Kai za ka kamo mini Basha."

Basha talotalo ne. Marigayiya matarsa ce ta sa ƙwansa a ƙarƙashin kaza a saman rufinsu na Karantina, ta rene shi da hannunta. Da rusau ya zo, Baba ya kwashe tsuntsayensa ya kai wani ɗan fili da yake da shi a bayan gari, can kudu, inda ya sa aka yi musu ƙaton akurki na waya. Ranar da aka sauke su Basha ya tsallake da matansa biyu, ya faɗa wani kwari mai ƙaya da ke bayan filin. Tun daga nan ya zama na daji. Yana shan ruwa a bututun gonakin maƙwabta, yana kwana a kan itace, kuma in ya hango mutum daga nesa sai dai a ga ƙura. An sa tarko, an zuba hatsi, an bi shi da mota, duk a banza.

Baba ya ce, "Ba na son bindiga, ba na son ko gashinsa ɗaya ya faɗi. Da ransa nake son sa. Shi kaɗai ya rage mini daga renon hannunta." Sannan ya ƙara da cewa, "In rabi'i ya zo sai mu fita. Sauran magana kuma sai bayan nan."

Ko yaro ya san wace ce sauran maganar. Na ce, "In sha Allah, Baba, wannan ƙaramin aiki ne." Na yi sallama na sauko daga benen.

Na daɗe ina juya abin a raina kafin dabara ta faɗo mini, kuma da ta faɗo har sai da na yaba wa kaina. Burtu! Wanda bai sani ba, burtu wani babban baƙin tsuntsu ne mai dogon baki da ke kiwo a ƙasa a dajinmu. Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Saboda haka maharba suke sassaƙa kansa da itace, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna gyaɗa kai kamar mai tsince-tsince, har su isa gab da dabba. Na kakana yana nan rataye a ɗakin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, ita kuma ga shi tana shirin zuwa Umra.

Na buga mata waya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai? Farauta? Kai da kaza mai 'ya'ya ta kora har cikin randa?"

Na ce, "Gwaggo, wannan ai ina yaro ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa kazar ma ta manta."

Duk da haka ta kawo shi. Bayan ta gama ibadarta na ɗauko ta daga Makka, ta kwance jaka, ta zaro burtun daga tsakanin ƙullin daddawa da na kuka. Ban san yadda ta wuce da shi a filin jirgi ba. Ta ce wani ma'aikaci ya ɗaga shi yana jujjuyawa, ita kuma ta yi masa nuni da cewa abin sosa baya ne.

Da na riƙe shi sai na ga wurin da goshin kakana yake taɓawa har ya yi sulɓi. Amma tsufa ya ci shi. Jajayen 'ya'yan idon-zakara da ake manna wa wuyansa duk sun zube, igiyar fatar ta ruɓe, launinsa ya koɗe. Ni kuwa mai gyara ne, ba na iya ganin abu a lalace in ƙyale. Na ɗauko akwatin aikina. Na naɗe wuyan da jan salatif na wayar lantarki, sabo fil. Na zagaye idanun da shuɗi, don na tuna burtu yana da shuɗi a fuska. Na ga kamar bai cika ba, sai na yanko gefen wani jan rawani na liƙa a maƙogwaron yana reto. Maimakon igiyar kuma na haɗa irin ɗaurin robar nan da muke ɗaure wayoyi da shi, wanda in ka ja ya kama, ba ya kwancewa sai da almakashi.

Na ɗauki hoto na tura wa Nawal. Ta kira nan take.

"Esh hada? Mene ne wannan?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, da muryar wanda ya gaji abu. Ta ce, "Tayyib. Dabbobinku na can sun san burtu, na gane. Shi Basha a ina ya san shi? A Karantina?"

Tambaya ce mai kyau. Na ce mata waɗannan abubuwa ne na maza da ba a bayyana su a waya. Ta ce, "Wallahi ni dai kada ka ba ni kunya gaban Baba, ba ni da wani shiri bayan kai." Wannan maganar ta kwana biyu tana yi mini daɗi, ta kuma hana ni ja da baya.

Rabi'i shi ne ɗan lokacin nan bayan ruwan hunturu, kafin zafi ya sauko, da sahara take yin kore-kore, mutanen Jidda su kwashi darduma da tukwane su fita shan iska. Ni na ɗauka daga ni sai Baba za mu je. Da na iso ƙofar gidansu bayan sallar asuba sai na tarar da motoci cike da mutane. Ga Fahad, yayan Nawal, wanda zai tuƙa mu. Ga Nawal da 'yan'uwanta mata. Ga ƙannen Baba da tukunyar shinkafa. Har ɗan ƙanwar nan mai mota mai sanyi ya zo, ya ba ni hannu yana murmushi. Baba ya gaya wa kowa cewa yau za a ga yadda kakanni suke farauta. Ya kuma aiko musamman a zo da Gwaggo, don a cewarsa bai kamata baƙuwa daga gida ta koma ba ta ci abincinsu ba.

Filin yana kan ɗan tudu, kwarin yana ƙasansa, ana ganin komai tar kamar a faifai. Aka shimfiɗa darduma, aka zuba gahawa, aka ba Baba kujera da madubin hangen nesa. Fahad ya buɗe ƙofar akurkin ya bar ta a buɗe, ya miƙo mini ragar da yake kamun kifi da ita. Sai a lokacin na tuna ban zo da baƙin zane ba. Na dubi jama'a, duk mazan farare ne kamar balbela. Gwaggo ta buɗe jakarta ta miƙo mini sabuwar abayar da ta saya tsaraba, mai duwatsu masu ƙyalli a hannu.

Ta ce, "Ka dawo mini da ita yadda na ba ka."

Na zura abayar, na ɗora burtun a goshi, na ja robar har sai da ta ce ƙarrr. Na ji wata mata ta ce "Ya Latif" a hankali. Baba kuwa ya miƙe tsaye, ya zo ya shafa bakin burtun, ya ce, "Babana ya sha ba ni labarinsa. Yau na gan shi da idona." Ni ma sai na ji kamar da gaske ni ɗin wani ne.

Na gangara kwarin, na durƙusa, na fara rarrafe. Abin da matan gidanmu ba su taɓa faɗa a labarinsu ba shi ne gwiwar kakana ba irin tawa ba ce. Ƙasar duk tsakuwa ce da ƙaya. Abayar tana shiga ƙarƙashin gwiwata tana finciko wuyana. Burtun yana da nauyi, kuma duk numfashin da na ja warin daddawa ne. Amma na daure, ina tafiya ina gyaɗa kai, in caki ƙasa nan, in caki ƙasa can, in tsaya in waiga kamar tsuntsun da ba ruwansa da kowa. Na wuce wata tumfafiya irin ta gida sak, na ɗauke ta a matsayin alamar nasara.

Can na hango su a gindin wata ƙaya. Matan biyu suna tsince-tsince, shi kuma yana tsaye a tsakiya. Jama'a, ni talotalon da na sani shi ne na kasuwa, wanda ake ɗaure wa ƙafa a ajiye a kwando. Wannan ya kusa kai mini ƙugu in ina tsaye, ni kuwa ga ni a durƙushe. Ya ɗaga kai ya dube ni. Na ci gaba da cakar ƙasa. Bai gudu ba.

Bai gudu ba! Tsuntsun da mota ta kasa matsowa kusa da shi ga shi tsaye yana kallona. Zuciyata ta cika. Na ce a raina, Allah ya jiƙan Sarkin Baka. Har na fara tsara irin tafiyar da zan yi in na hau tudun da shi a kafaɗa, da irin kallon da zan yi wa mai mota. Don in ƙara wa aikin armashi sai na yi kukan burtu daga can cikin ƙirji: "Gum. Gum-gum."

Matan biyu suka ɗago kai. Ɗaya daga cikinsu ta fara takowa wajena, tana karkata kai tana kallona, da alamar sha'awa.

A nan ne na lura da kan Basha sosai. Wuyansa ja ne jawur. Gefen idonsa shuɗi. Ga wata jar fata tana reto a maƙogwaronsa. Wato duk abin da na zauna na liƙa wa burtun kakana da hannuna, shi Allah ya ba shi kyauta. Kuma rabi'i, kamar yadda kowa a kan tudun nan ya sani ban da ni, shi ne lokacin da namijin talotalo ba ya son ganin wani namiji ko a mafarki. Ni na zo a matsayin burtu mai kiwo, shi kuwa abin da ya gani wani ƙaton baƙo ne mai jan wuya da ya shigo har gida yana yi wa matarsa gum-gum.

Ya baje wutsiya, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, ya kumbura har ya ninka kansa. Ya saki wata ƙara, gulu-gulu-gulu, wadda na ji ta har cikin haƙorana. Na tuna da raga. Na jefa ta da dukkan ƙarfina, ta tashi da kyau, ta sauka a kan ƙayar da ke bayansa.

Sara na farko a kan burtun ya sauka, na ji shi har ƙeya. Na biyu a kunnena. Sai ya yi tsalle ya haɗa mini da ƙafa biyu a ƙirji. Na kai hannu in cire burtun in jefar, in nuna masa ni mutum ne, mai iƙama, mai sana'a. Robar ta ce ba ta san zancen ba. Ai ni na zaɓe ta don ba ta kwancewa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tattare abayar da hannu biyu har gwiwa, na zuba da gudu. Bakin burtun yana sama yana ƙasa a gabana, jan ƙyallen yana kaɗawa, Basha yana bayana yana saran duk inda ya samu, kuma inda ya fi samu shi ne inda nake zama. An ce na yi ihu. Ni ban tuna ba, amma shaidu sun haɗu a kan cewa abin da nake faɗa shi ne, "Gwaggo! Gwaggo, ki yi masa magana!"

Na hau tudun. Mata suka watse, gahawa ta kife, mai mota ya haye kan motarsa. Idona bai ga komai ba sai ƙofa guda a buɗe, na faɗa ciki. Basha ya faɗo bayana. Fahad, wanda Allah ya yi wa saurin tunani, ya maida ƙofar ya sa sakata.

Da mu biyu a ciki.

Na yi ta zagaya akurkin, yana bi na, kajin Baba suna tashi sama, gashi yana ta yawo. Daga ƙarshe na kama wayar na ɗare can sama kusa da rufi, na maƙale, abaya tana reto, shi kuma yana ƙasa yana sintiri yana jiran in gaji. Na leƙo ta cikin wayar. Duk dangin matar da nake so suna tsaye sun kewaye akurkin. Nawal ta rufe fuska da hannu biyu. Na ce shi ke nan, na rasa ta, kuma na rasa ta a cikin kayan mata. Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

Sai na ji wani sauti kamar tsohon esi yana son tashi. Baba ne. Ya riƙe ciki, ya sunkuya, kafaɗunsa suna rawa. Dariyar ta ƙwace masa gaba ɗaya, har rawaninsa ya zame, har sai da Fahad ya riƙe shi ya zaunar. Ya nuna ni da yatsa zai yi magana, ya kasa, ya sake fashewa. Da jama'a suka ga haka sai kowa ya saki tasa.

Da ya samu numfashi ya juya wajen Gwaggo. "Hajiya, don Allah, da gaske jikan Sarkin Baka ne?"

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "Jikansa ne, Alhaji, ta wajen hanci. Sauran duk na dangin uwarsa ne." Daga nan ta ba su labarin kaza da randa, tun daga farko, ina maƙale a sama ina ji. Ta rufe da tambayar wa zai biya ta abayarta.

Fahad ya zuro almakashi ta cikin waya ya yanke robar, burtun ya faɗi. Basha ya je ya sare shi son ransa, sannan ya huce. Aka lallaɓa aka fito da ni. Ba wanda ya kula da kunnena da ke jini, don Baba ya riga ya ja kujerarsa har jikin akurkin, ya ɗebi hatsi a tafin hannu, yana kira a hankali, "Basha. Ya Basha." Tsuntsun ya tsaya yana kallonsa. Bai zo ba, amma bai ja da baya ba. Baba ya ce, ba da kowa yake ba, "Ita ce take kiran sa haka." Hawayen dariyar ba su bushe ba wasu suka biyo su, mu duka muka kau da kai.

Nawal ta zo ta wuce ta gefena kamar za ta ɗauki buta, ta ajiye mini auduga da magani, ta ce ƙasa-ƙasa, "Majnun. Tun rasuwar Ummi ban ga haƙoransa ba sai yau."

Bayan an ci shinkafa (ni a tsaye na ci, saboda dalilin da na ambata), na je na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, ni ban taɓa farauta ba. Labaran nan duk na kakana ne."

Ya ce, "Na sani tun da na ga yadda ka jefa raga." Ya kurɓi shayi. "Amma ni cewa na yi ka kawo mini shi da ransa, ka kuwa kawo shi. Ban faɗi wanda zai shigo gaba ba." Ya dubi gwiwoyina da suka sassale, ya ce, "Shekara nawa ina faɗa wa dangina ina son tsuntsun nan, kowa sai ya ce in sayi wani. Kai ne ka sa gwiwa a ƙaya." Sannan ya ɗaga murya: "Hajiya, kafin ki koma gida sai ku zo mu yi sauran maganar."

Sharaɗi ɗaya ya kafa, a bar masa burtun. Yana nan rataye a falonsa na Sa'alaba, da salatif ɗinsa da ramukan sara, daidai ƙarƙashin esin da ya haɗa mu. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi mene ne wannan, Baba kuma sai ya gyara zama. A bakinsa yanzu gudun ya ƙara tsawo, ihun ya ƙara ƙarfi, kuma in ya zo wajen "Gwaggo, ki yi masa magana" sai ya miƙe tsaye ya tattare jallabiya. Ni nake zuba wa baƙin shayi. Matan Basha sun biyo shi da kansu bayan kwana kaɗan, ba wanda ya yi musu rarrafe. Shi kuwa har yau in na je filin sai ya baje wutsiya, don haka daga cikin mota nake gaishe shi.

Abin da na koya shi ne, in za ka ci abinci da sunan kakanka, ka tsaya a kan "ya yi", kada ka kuskura ka ce "muka yi", don akwai ranar da za a miƙo maka raga. Ranar sunan ɗanmu na fari, Baba ya ɗauki jaririn ya daɗe yana kallonsa, ya ce wa jama'a barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Wannan dai ko wanne ya ɗauka, gado ne. Ubansa ya iya duka biyun."